Wai sabuwar mota ba a tayawa?

Mutane da yawa nan Sakkwato sun ɗauka in mota sabuwa ce dal cikin leda to kuɗin da anka manna ma gilashi shi ke nan, sai ta hannu ake tayawa. Ba haka ba ne wallahi. Wannan farashin kamfani ne, dila kuma ƙasa da haka ya saro ta, ribarshi na tsakani, kuma motar da ta daɗe aje kuɗinshi ta riƙe, musamman ƙarshen shekara in sabon modal ya kusa shigowa ta bara neman kai yake da ita. Ka zagaya dila biyu uku tukuna, kada ka nuna ka ƙyasa. In ya ce dala ta tashi ba ragi, to ya haɗa maka da lamba, inshora ko sabis kyauta.