Sauyin Sunayen Kimiyya na Halittu da Tasirinsa ga Doka

Sunan kimiyya shi ne sunan Latin mai kalma biyu da masana ke raɗa wa dabba ko tsiro: ta farko ta jinsi, ta biyu ta nau'i. Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya kafa tsarin. Ana ƙirga sunayen tsirrai daga aikinsa na 1753, na dabbobi kuma daga na 1758. Suna kan sauya idan bincike ya nuna cewa abin da ake ɗauka nau'i ɗaya ashe biyu ne, ko aka gano wani ya riga raɗa masa suna, domin a ƙa'ida sunan da ya fara fitowa shi ke da rinjaye.

Rikicin Acacia

Da bincike ya tabbatar cewa itatuwan da aka tara ƙarƙashin Acacia ba zuriya ɗaya ba ne, sai raba su ya zama dole. Bisa tsohuwar ƙa'ida, ɓangaren da bagaruwa take ciki ne ya kamata ya riƙe sunan. Masanan Ostiraliya suka nemi a bar musu shi, hujjarsu kuwa yawa: suna da nau'i wajen dubu, sauya su duka zai dagula harkar gandun daji da kasuwanci. Babban taron masana tsirrai na Vienna ya amince a 2005, na Melbourne ya jaddada a 2011, duk da ƙorafin masana da dama kan yadda aka gudanar da ƙuri'ar farko. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba da ƙaro ta zama Senegalia senegal. Har yau wasu litattafai da takardun ciniki ba su saki tsohon sunan ba.

Doka

Dokar kare halittu da suna take aiki, abin da babu sunansa a jeri kuwa yana iya rasa kariya. Shi ya sa ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai lura da cinikin namun daji da tsirrai, suke ayyana jerin sunayen da za a bi, ba sa sauya shi sai a babban taronsu. A 2021 IUCN, ƙungiyar duniya mai tantance halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, ta auna giwar kurmi daban da giwar sarari, ta sa ta kurmi a mataki mafi haɗari. A Amurka an daɗe ana jayayya kan jan kyarkeci, ko nau'i ne mai zaman kansa ko ruwa-biyu. Wani kwamitin masana ya ce nau'i ne a 2019.

Sunaye masu cin fuska

Wani makahon ƙwaro na kogunan dutse a Sulobeniya yana ɗauke da sunan Hitler tun shekarun 1930, hukumar sunayen dabbobi kuma ta ce ba ta sauya suna don dalilin ɗa'a. Masana tsirrai sun bi wata hanya: a taron Madrid na 2024 sun mayar da caffra, wadda ta samo asali daga zagin baƙaƙen fata a kudancin Afirka, zuwa afra a sunaye fiye da 200.