Waiwaye: Yadda Bahaushe ya samu sunan ƙarshe a takarda

Kukan da aka fi ji a layin ofishin NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, da na banki shi ne suna bai zo ɗaya ba. A takardar makaranta Garba Sani, a BVN (lambar tantancewa ta banki) Abubakar Muhammad Sani, a fasfo kuma an ƙara sunan gari a ƙarshe, alhali mutum ɗaya ne. Akan ɗora laifin a kan sakaci, amma tushen abin ya fi haka nisa: an kawo tsarin Turawa mai sunan dangi da ake gada, an aza shi a kan al'ummar da ba haka take raɗa suna ba.

Jerin sarakunan Kano ya isa ya nuna inda aka faro. Bagauda, Warisi, Gijimasu, Naguji, Tsamiya, duk babu na Larabci a ciki. Sai a ƙarni na 14 aka fara ganin Usumanu Zamnagawa, sannan Yaji (1349–1385) wanda Wangarawa, malaman Musulunci daga Mali, suka zo a zamaninsa, ana kuma kiransa Ali. Bayansu aka yi Dauda, Abdullahi Burja, Yakubu, har Muhammadu Rumfa (1463–1499). A lura da Zamnagawa da Burja da Rumfa. Musulunci ya kawo sabon suna, tsohon kuma ya koma laƙabi ya ci gaba da rayuwa a gefensa.

Shi ya sa har yau yawancin Hausawa suna biyu gare su. Akwai wanda uba ko malami ya yi wa jariri huɗuba da shi, aka bayyana ranar bakwai bayan an yanka rago, wato sunan yanka. Akwai kuma wanda mata suka sa a cikin gida, kuma shi ne yakan bi mutum har tsufa. Wannan na biyun labarin haihuwa ne a dunƙule. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi suka zo, Bala da Larai ranar Laraba, Ɗanlami da Lami ranar Alhamis, Ɗanjuma da Jummai ranar Juma'a. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo shi ke bin tagwaye. Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba. Cindo yatsa shida gare shi, Shekarau ya daɗe a ciki, Nomau da damina aka haife shi. Mafi nauyi a cikinsu su ne sunayen 'ya'yan wabi, irin su Ajuji da Ayashe: uwar da 'ya'yanta ke mutuwa tana nuna kamar ba ta damu da wannan ba, ko Allah zai bar mata shi. Dikko da Sambo kuwa daga Fulatanci suka shigo, ɗan fari da mai bi masa.

Alkunya ta ƙara wani rufi. Matar da aka sa wa ɗanta sunan surukinta ba za ta kama sunan ba, sai ya zama Abba, Baba ko Babangida, 'yar da ta ci sunan kaka kuma ta zama Ummi ko Uwani. Sannan manyan sunaye suna da abokan tafiya da kowa ya sani: Abubakar shi ne Garba, Umaru shi ne Sanda, Usman shi ne Shehu, Yusufu shi ne Maitama, A'isha ita ce Indo, Fatima ita ce Binta. Gidan da ya sa wa 'ya'ya maza Muhammadu a jere yakan bambance su da lissafin Larabci, Auwalu ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru na goma. Wannan wuri ne da ma'aikatan rajista ke yawan tuntuɓe, domin Muhammadu Sani sunan mutum ɗaya ne, amma sai a raba shi gurbi biyu a mayar da Sani mahaifi.

A da, in ana so a bambance mutum sai a ce wane ɗan wane, ko a haɗa da sana'arsa, unguwarsa ko sarautarsa. Ba a gadon wannan jingina, kowane tsara da tasa. Makarantun boko ne suka fara daskarar da ita. A Kwalejin Katsina da makarantun Midil na larduna, inda aji ɗaya kan tara Abubakar da Muhammadu da dama, sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu a rajista. Daga nan aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Isa Kaita da Shehu Shagari. Sardauna ma Ahmadu Raɓa ne a makaranta, daga baya ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. 'Yar'aduwa unguwa ce a Katsina. Ɗantata laƙabin Alhassan ne, daga Tata, matar da ta rene shi, yau kuma ya zama sunan zuriya sukutum. A Nijar hanyar ɗaya ce, sai dai alƙalamin Faransa ne ya rubuta: Usman ya zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou. Ɗan Maraɗi da ɗan'uwansa na Jibiya sai su riƙe takardu masu rubutu daban a kan kaka ɗaya.

Muddin takarda ce da biro, wannan bai dami kowa ba. Abin ya tsananta ne da aka kawo BVN a 2014, aka tilasta haɗa layin waya da NIN (lambar ɗan ƙasa) a ƙarshen 2020, JAMB kuma ta wajabta NIN daga 2021. Kwamfuta ba ta san Garba da Abubakar abu ɗaya ba ne, kuma a wurinta Mohammed da Muhammad mutum biyu ne. Harafi ɗaya na iya riƙe kuɗin mutum a asusu ko ya hana yarinya gurbin jami'a.

A ganinmu, wurin gyara shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Sunan yanka ya shiga gurbin farko, cikakke, ba laƙabi ba. Gida ya tsayar da abu ɗaya a gurbin ƙarshe, ko sunan uba, ko na kaka, ko na gari, a sa wa dukan 'ya'ya shi da haruffa iri ɗaya, kuma a kai wannan takarda ranar sa yaro firamare maimakon a bar malami ya rubuta abin da ya ji ana kiransa. Mace ba dole ba ne ta sauya zuwa sunan miji, aya ta 5 a Suratul Ahzab ma ga uba ta jingina kira, kuma sauyin yakan raba ta da takardun karatunta. Wanda nasa ya riga ya cakuɗe zai yi takardar rantsuwa a kotu, ya buga sanarwa a jarida, ya fara gyara NIN, sannan ya bi banki da ofishin fasfo da ita.