Tambayoyin matafiyi mai karatu game da birnin Kano

Daga ina ya kamata baƙo ya fara?

Daga kan dutsen Dala, da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, da labarin wannan dutse ya buɗe: Barbushe da tsafin Tsumburbura, sannan zuwan Bagauda, wanda lissafin littafin ya sa farkon sarautarsa a shekara ta 999. Wanda ya karanta wannan kafin ya hau matakalar, idan ya tsaya a sama ya hangi Gwauron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci, zai gane abin da ya sa mutanen farko suka zaɓi gindin dutsen nan.

Me baƙin da suka zo a da suka rubuta?

Hugh Clapperton ya zo a 1824, amma wanda ya fi zuba ido shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo a watan Fabrairun 1851 yana amsa sunan Abdulkarim. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, adadin kuma yakan ninka lokacin da fatake suka sauka. Abin da ya fi burge shi saƙa da rini ne, domin ya ga tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Mai son ganin abin da Barth ya gani sai ya je marinar Ƙofar Mata, inda har yau ake haɗa baba da toka a rijiyar rini, marini na zaune a baki yana tsoma zane yana ɗagawa don ya sha iska. Zanen kan fito da ɗan kore-kore, a gaban idonka ya rikiɗe ya zama shuɗi. Kusa da nan kuma za ka ji ƙarar mabuga suna bugun riga har ta yi ƙyalli.

Shin akwai Bahaushen da ya je ƙasarsu ya ba da nasa labarin?

Akwai, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sunansa Dorugu. An kama shi bawa yana yaro a ƙasar Damagaram, Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya 'yanta shi, daga baya ya bi Barth zuwa Tambutu, suka ƙetare Sahara, suka isa Ingila a 1855. A can wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Mutumin da aka ɗauko domin ya yi hidima, sai ga shi yana duban abincin Turawa da tufafinsu da yadda suke zama a gidajensu, yana aunawa da ma'aunin ƙasarsa, kamar yadda Barth ya auna mu da nasa. Dorugu ya dawo gida, a ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa, kuma a Kano ya rasu a 1912. Yana damuna ƙwarai yadda ɗalibanmu da yawa suka san sunan Barth amma ba su taɓa jin nasa ba, alhali Gidan Ɗan Hausa na nan tsaye, ana shiga ana fita kullum.

Mene ne abin lura a sunayen unguwanni?

Sunayen da kansu tarihin tafiye-tafiye ne. Zangon Barebari, Tudun Nufawa da Agadasawa suna faɗin inda mazaunansu na farko suka fito. Dandalin Turawa kan ruɗa baƙo, domin Turawan da ake nufi Larabawan arewacin Afirka ne, waɗanda Hausawa suka kira da wannan suna tun kafin zuwan Nasara. Sharifai kuwa ana danganta ta da zuriyar Shehu Al-Maghili, malamin da ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna. Rumfan nan ne ya kafa kasuwar Kurmi.

Wane littafi baƙo zai saya ya tafi da shi?

Ya nemi Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, don ya ji tarihin garin daga bakin ɗan gari. Sannan kada ya raina ƙananan littattafan labari da suka bunƙasa tun shekarun 1980, waɗanda aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, da yawansu kuma mata ne suka rubuta su. A cikinsu zai ji yadda ake magana a tsakar gida tsakanin uwargida da amarya, wurin da Barth bai taɓa samun izinin shiga ba.