Waiwaye: zaɓen Norway da maganar kuɗin wuta

Tun da aka fitar da sakamakon zaɓen majalisar Norway na 8 ga Satumba 2025 mutane ke ta mamaki, wai ya aka yi jam'iyyar FrP mai ra'ayin riƙau ta tashi daga kujeru 21 a 2021 ta koma 47, ta zama ta biyu, alhali jam'iyyar Leba ta firaminista Jonas Gahr Støre ta tsira da mulki da kujeru 53, ɓangaren hagu gaba ɗaya 88 cikin 169. To ni dai a ganina abin ba dare ɗaya ya faru ba.

Tsohon labarin sananne ne. An gano mai a teku a 1969, an kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, sau biyu 'yan ƙasar suka ce a'a ga shiga Tarayyar Turai, 1972 da 1994, amma ta yarjejeniyar EEA, wato ta yankin tattalin arzikin Turai, suna cikin kasuwarta.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 2021. Norway fa kusan duk wutarta daga madatsun ruwa take, shekara da shekaru wuta ba ta da tsada, da ita ake ɗumama gida a sanyin da ke daskarar da ruwa, da ita ake cajin mota. A shekarar ne manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda biyu suka fara aiki, ɗaya zuwa Jamus ɗaya zuwa Birtaniya, sai abin ya haɗu da ƙarancin ruwa a madatsun kudu da tsadar gas a Turai, farashi ya yi tashin gwauron zabi a kudancin ƙasar, arewa kuwa tana shan wutarta da arha don layukan da ke haɗa su ba su da yawa. Magidanci a kudu sai ya duba waya ya ga farashin wannan awar kafin ya kunna injin wanki, wasu sai tsakar dare suke sa mota caji. Wallahi abin da ciwo, ruwan duwatsunku ne, amma farashin kasuwar waje kuke biya. A Disambar 2021 gwamnati ta fara biyan tallafin wuta, sai dai zukata ba su huce ba.

Wannan maganar ce ta raba gwamnatin haɗin gwiwa a Janairun 2025, da jam'iyyar Senterpartiet ta manoma da mutanen karkara ta fice kan dokokin makamashi na Turai. Leba ta dawo da tsohon firaminista Jens Stoltenberg a matsayin ministan kuɗi, ta yi alkawarin tsayayyen farashi, øre 40 (øre ɗari ne ke yin krone ɗaya, kuɗin Norway) kan kowane kilowat na awa ɗaya, ta farfaɗo. Senterpartiet kuwa daga kujeru 28 ta dawo 9, FrP da ta daɗe tana kukan tsadar wuta da haraji ta ninka nata har da ƙari.