Mahaifar akuya da ikonta a kan gidan ƙwai

Mahaifar akuya ba jakar ɗaukar tayi kaɗai ba ce. Ita ke yanke wa gidan ƙwai ranar da akuya za ta sake neman bunsuru. A ƙasar Katsina da Daura, inda jar akuya ke karɓar barbara rani da damina, zagayen kan ɗauki kimanin kwana 21.

Idan ƙwai ya fita, gurbinsa kan cike ya zama ɗan ƙulli, wanda likitocin dabbobi ke kira kofus lutiyum. Shi ke fitar da sinadarin furojestaron, mai hana akuya kula bunsuru, mai kuma riƙe ciki. In ba ta ɗauka ba, wajen kwana na 16 zuwa 17 na zagayen sai bangon mahaifa ya riƙa sakin wani sinadari mai suna furostagilandin, ƙullin ya narke, akuya ta shiga kuka da kaɗa bindi. Hanyar da sinadarin ke bi abar mamaki ce: jijiyar da ke kwaso jini daga mahaifa manne take da mai kai jini gidan ƙwai, sai ya ratsa daga wannan zuwa waccan, ba tare da ya biya ta huhu an lalata shi ba. Wani masanin kimiyya, Leo Loeb, ya fara hango wannan iko a 1923, da ya ga ƙullin ɓeran Masar ya ƙi narkewa bayan an cire mahaifa. A 1972 aka tabbatar, a jikin tumaki, cewa furostagilandin ne ke narkar da ƙullin.

In kuwa ciki ya shiga, tayin ne ke sakin wani sinadari mai suna intafiron tau, ya hana mahaifa aika saƙon narkar da ƙullin.

Nan akuya ta bambanta da tunkiya, kuma ya kamata duk mai kiwo ya sani. A tunkiya mabiyiya ke karɓar aikin fitar da furojestaron bayan wata biyu, amma akuya da ƙullin nan take dogara har kwana 150 na cikinta. Shi ya sa allurar furostagilandin, wadda ake yi don awaki su nemi bunsuru lokaci guda, ke sa mai ciki ɓari ko a wane wata take.

Akwai kuma cikin ƙarya. Mahaifa ta kasa narkar da ƙullin, ruwa ya taru, ciki ya yi tulu, uwar gida tana ta lissafin 'ya'ya. Abin takaici ne a kai irin wannan akuya kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi da sunan juya, alhali likita kan gane ta da na'urar hoton ciki, ya yi mata allurar nan, ruwan ya zube, sau da yawa ta koma haihuwa.