Waiwaye: Yadda kiɗa da ƙugin inji suka yi ta rabon muryoyi uku a wasannin tsere

A wasannin tseren mota da yawa na tsoffin kwamfutocin gida, kafin a ɗaga tuta sai an tambayi mai wasa abin da yake so ya ji: kiɗa, ko ƙarar inji. Ba a ba shi duka biyun. Matashin da ya buɗe ido da wasannin yau zai ɗauka ƙyuya ce ta masu haɗa wasan, alhali na'urar ce ba ta da bakin da zai ɗauki duka. Daga wannan ƙarancin ne wani salon kiɗa ya fito, wanda har yau ake adana shi, ake kuma cika zaure don sauraronsa.

Wasannin tsere na farko ba su san kiɗa ba sam. A 1974 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gran Trak 10, akwatin wasa irin wanda ake jefa wa sulalla, mai sitiyari da giya da feda, kuma abin da ke fita daga lasifikarsa ƙugi ne da ƙarar taya. A shekarar ce Tomohiro Nishikado ya haɗa wa Taito na Japan wasan Speed Race. Shi ne dai ya dawo a 1978 da Space Invaders, inda wasu sautuka huɗu masu kauri ke maimaita kansu, suna ƙara sauri yayin da abokan gaba ke matsowa. Rally-X na Namco, a 1980, yana cikin na farko da suka sa kiɗa yana tafiya tun daga farkon wasa har ƙarshensa. Amma Pole Position na 1982, wanda ya kafa salon kallon mota daga baya, ɗan gajeren kiɗa yake yi kafin a tashi, daga nan sai inji.

A 1982 ɗin ne kwamfutoci biyu suka shiga gidajen jama'a da ƙarfinsu. A Birtaniya, Sinclair ya fito da ZX Spectrum kan fam 125 ƙarama, fam 175 babba. Arha ce ta sayar da ita, kuma wajen sauti aka yi tsumulmular: 'yar lasifika ce guda, wadda ba ta san komai ba sai kunnawa da kashewa, kuma ƙwaƙwalwar kwamfutar ce da kanta ke kaɗa ta. Duk lokacin da aka ba sauti, an rage wa hoto. A Amurka kuwa Commodore 64 ta fito kan dala 595, ɗauke da wani guntun lantarki mai suna SID, lamba 6581. Injiniyan da ya tsara shi, Bob Yannes, mai sha'awar kayan kiɗa na lantarki ne, kuma bai gamsu da abin da ke cikin kwamfutocin lokacin ba. Cikin 'yan watanni ya haɗa guntu mai muryoyi uku, kowace tana iya fitar da launin sauti iri huɗu, ana iya tsara yadda za ta tashi da yadda za ta mutu, ga kuma matata da ke tausasa amo ko ta kaifafa shi. Daga baya Yannes ya shiga cikin waɗanda suka kafa Ensoniq, kamfanin ƙera kayan kiɗa, abin da ke nuna inda zuciyarsa take tun farko.

Muryoyi uku kenan, kuma a nan lissafin ya tsaya wa wasan tsere a wuya. Kiɗa mai ma'ana yana buƙatar murya ɗaya ta jan ragama, ɗaya mai kauri a ƙasa, ɗaya ta ganga. An gama da ukun. A wasan harbi ko na tsalle-tsalle, ana iya aron murya ɗaya na ƙiftawar ido a yi ƙarar bindiga a mayar, kunne ba zai cika lura ba. Inji kuwa ba ya yin shiru. Daga tashi har layin ƙarshe yana riƙe da muryarsa, kuma ba ado ba ne, domin da hawan ƙuginsa direba ke sanin lokacin sauya giya. A ƙara da kukan taya a kwana da ƙarar karo. Idan wasan na mutum biyu ne, kamar Pitstop II na Epyx da ya raba allo gida biyu a 1984, motoci biyu ne ke kan titi kowace da nata injin. Me ya rage wa makaɗi?

Sai kiɗan ya yi ƙaura zuwa wuraren da mota ba ta tafiya: shafin farko na wasa, jadawalin waɗanda suka fi maki, da kuma lokacin jira. A Turai yawancin wasanni a kaset ake sayar da su, irin na rediyo, kuma sai an yi mintuna ana jira kafin wasa ya gama shiga ƙwaƙwalwar na'ura. Kamfanin Ocean na Manchester ya riƙa cike wannan jiran da kiɗan Martin Galway, har ya zama mutane da yawa sun fi tuna kiɗan jiran fiye da wasan da suke jira.

Makaɗan wannan zamanin dole ce ta sa suka zama masu rubuta manhaja. Babu kayan aikin da za a saya, don haka kowa shi yake rubuta 'yar manhajar da za ta buga kiɗansa, ya shigar da kowane sauti a matsayin lamba, kuma duka su matsu cikin 'yan kilobait kaɗan da masu haɗa wasan suka bar masa daga cikin kilobait 64 na ƙwaƙwalwar Commodore 64. Manhajar tana taɓa guntun sau 50 a daƙiƙa, daidai da yadda talabijin ɗin Turai ke sabunta hoto. Da wannan saurin suka gina dabarunsu. Maimakon a kashe muryoyi uku wajen haɗa sautuka uku a tare, sai a sa murya ɗaya ta riƙa zagaya su da gudun da kunne zai ji kamar tare suke. Wannan karkarwar da ake ji a kusan duk kiɗan Commodore 64, wadda yanzu ake kwaikwaya da gangan, asalinta neman mafita ne. Haka nan murya mai kauri takan saki aikinta na ɗan lokaci ta buga ganga ta koma. Rob Hubbard, mutumin garin Hull wanda makaɗi ne tun kafin ya san kwamfuta, shi ya fi kowa nuna iyakar abin da za a iya a 1985, da kiɗan Monty on the Run da na Commando. A shekarar ya yi wa wani wasan mota mai arha, The Last V8 na Mastertronic, kiɗa. Wasan kansa mugun wahala gare shi, mota na fashewa da ɗan kuskure kaɗan, kuma a ganina ba don kiɗan ba da tuni an manta da shi. Mujallar Zzap!64 takan ba sauti makinsa daban a sharhinta, kuma sunan makaɗi a bayan kwali ya zama abin da ke jawo mai saye.

Wata dabarar ma daga aibin guntun ta fito. A 6581, duk lokacin da aka sauya ƙarfin murya akan ji ɗan ƙwas. Masu wayo suka gano cewa idan aka yi ta sauya shi sau dubbai a daƙiƙa, ƙwas-ƙwas ɗin zai haɗu ya zama sautin da aka naɗa, ko ganga ta gaske ko muryar mutum. Aka samu murya ta huɗu da Yannes bai sa a tsarinsa ba. Galway ya yi amfani da ita a Arkanoid a 1987.

Ana cikin haka Sega ta fitar da Out Run a 1986, kuma ta sauya abin da ake tsammani daga wasan mota. Yu Suzuki, wanda ya jagoranci aikin, ya zaga Turai yana duba hanyoyi, kuma ya fi so a kira shi wasan tuƙi a kan wasan tsere. Jar mota ce buɗaɗɗiya samfurin Ferrari Testarossa, ga teku ga sararin sama, kuma kafin a tashi sai mai wasa ya murɗa rediyon motar ya zaɓi ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗe uku da Hiroshi Kawaguchi ya tsara. Akwatin Sega bai san matsalar muryoyi uku ba: guntun Yamaha YM2151 mai muryoyi takwas ne a ciki, ga wani daban na sautukan da aka naɗa. Inji na ƙugi, kiɗa na tafiya, babu mai taka wani.

Da aka zo sauko da shi kwamfutocin gida a 1987, kamfanin US Gold na Birtaniya ya yi abin da ya fi kowane bayani nuna girman matsalar. Ya saka kaset na kiɗan akwatin Sega a cikin kwalin, domin mai wasa ya kunna a rediyonsa yayin da yake tuƙi. Ban san wata amsa ta gaskiya da ta kai wannan ba, ko da yake akwai ɗan abin dariya a ciki. Shekara biyu bayan haka, Jeroen Tel ɗan ƙasar Holan, na ƙungiyar Maniacs of Noise, ya yi wa Turbo Out Run na Commodore 64 kiɗan buɗewa mai muryoyin da aka naɗa, wanda ya nuna cewa tsohon guntun bai gaji ba. Tim Follin ma, wanda tun yana matashi ya tilasta wa 'yar lasifikar Spectrum fitar da muryoyi da yawa a lokaci guda, ya yi aiki a wasan mota na LED Storm.

Akwai wani reshe na wasannin tsere, mai kwaikwayon tuƙin gaske, da bai taɓa shiga wannan rabon ba. Geoff Crammond, mai ilimin fiziya, ya fitar da Revs a 1985 a kan kwamfutar BBC Micro, da titin tsere na Silverstone da lissafin yadda taya ke kama kwalta. Ya biyo da Stunt Car Racer a 1989 da Formula One Grand Prix a 1991. Ga masu wannan ra'ayi, direban gaske injinsa yake saurara, don haka babu abin da za a yi jayayya a kai.

Kwamfutar Amiga ta kamfanin Commodore ta zo a 1985 da guntun Paula mai muryoyi huɗu, biyu hagu biyu dama, kuma kowace sautin da aka naɗa take bugawa. A 1987 Bajamushe Karsten Obarski ya fitar da Ultimate Soundtracker, manhajar da ke jera sautuka a layuka huɗu masu gangarowa, ta yadda wanda bai iya rubuta manhaja ba ma zai iya tsara kiɗa. An samu ci gaba sosai, sai dai huɗu ba ta wuce uku da nisa ba. Lotus Esprit Turbo Challenge, wanda Shaun Southern da Andrew Morris suka haɗa wa Gremlin ta Sheffield a 1990, ya ci gaba da ba da zaɓin nan na kiɗa ko inji. Na biyunsa, a 1991, ya samu kiɗan buɗewa daga Barry Leitch, wanda masoya Amiga ke sa wa a sahun gaba. Leitch ya sake sarrafa wasu kaɗe-kaɗen Lotus ya sa a Top Gear na Super Nintendo a 1992, wasan da ya samu karɓuwa ta ban mamaki a Brazil. Da kamfanin Aquiris na can ya tashi haɗa Horizon Chase a 2015, Leitch ɗin suka nemo ya yi musu kiɗa.

Faifan CD ne ya kashe rigimar. Kiɗa ya koma fitowa kai tsaye daga faifai, guntun sauti ya zauna da inji da taya kawai. Road Rash na na'urar wasa ta 3DO a 1994 ya zo da waƙoƙin fitattun mawaƙa da aka biya haƙƙinsu. Ridge Racer na PlayStation yakan shige ƙwaƙwalwar na'ura gaba ɗaya, har mai wasa ya iya zare faifan ya sa nasa na kiɗa. Wipeout na Psygnosis ta Liverpool, a 1995, ya haɗa aikin Tim Wright, wanda ya taso a Amiga, da na makaɗan gidajen rawa na Birtaniya. Commodore kuwa ta karye a Afrilun 1994. Direba ya samu abin da ya daɗe yana nema, amma kiɗan wasa ya daina zama abin da ba a jin irinsa sai a wasa.

Tun 1996 wasu masu sa kai ke tara kaɗe-kaɗen Commodore 64 a rumbun High Voltage SID Collection, wanda yanzu ya haura dubu 50. Abin da ke ciki ba naɗaɗɗen sauti ba ne. Ainihin manhajar makaɗin ce aka zaro daga wasan, don haka sai an kwaikwayi kwamfutar da guntunta kafin a ji komai. A nan wata sabuwar matsala ta ɓullo. Matatar 6581 ba iri ɗaya take aiki ba daga guntu zuwa guntu, ta yadda kiɗa guda kan fita daban a kwamfutoci biyu da aka saya a shago ɗaya. Da Commodore ta gyara guntun ta fitar da sabon samfurinsa mai lamba 8580, ta kusan share ƙwas ɗin nan, sai gangunan da aka gina a kansa suka zama da ƙyar ake jin su. Kiɗan da aka tsara don talabijin mai sau 50 kuma yakan yi gaggawa a na Amurka mai sau 60. Shi ya sa fayilolin rumbun ke ɗauke da bayanin irin guntun da kuma saurin da aka yi kiɗan dominsu, kuma ko da haka masu saurare ba su daina musu ba kan wanne ne sautin da makaɗin ya ji a ɗakinsa. An daɗe da daina ƙera guntun, saboda haka na asali sai dai a ciro daga matattun kwamfutoci, ko a sayi na kwaikwayo da ake haɗawa yanzu.

A 2019 ƙungiyar makaɗa ta Hull Philharmonic ta buga wasu daga cikin waɗannan kaɗe-kaɗe a babban zauren birnin Hull, kuma Hubbard na cikin waɗanda suka sake tsara su don kayan kiɗa na gaske. Aikin da ke gabansu shi ne warware dabarun da aka yi shekaru ana ƙullawa: a ɗauki murya ɗaya mai karkarwa a raba ta ga mutum uku, a kuma raba mai kauri da gangar da suka saba zama a wuri ɗaya.