Aikin yaƙi da leda da hayaƙin mai a Zariya: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa leda da man fetur?

Tushensu ɗaya. Daga ɗanyen mai da iskar gas ake samo sinadaran da ake sarrafawa su zama leda da roba, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke haɗa yaƙin biyu.

Sai da digiri ake shiga wannan aikin?

A'a, amma ilimi yana ƙara wa magana nauyi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin ƙasa da kula da muhalli, da na injiniyancin ruwa da muhalli. Lauya da ɗan jarida ma suna da gurbi.

Daga ina zan fara?

Zaɓi kwata ɗaya, a Tudun Wada ko Samaru, ka fara kafin damina ta sauka. Ka sanar da mai unguwa tukuna. Ka tanadi safar hannu mai kauri, takalmin ruwa, manjagara, shebur, baro da sikeli, domin cikin taɓon nan akwai fasasshiyar kwalba da allura. Abin da aka kwaso a rarraba shi: gorunan lemo masu lamba 1 a gindi, ledar fiya wata, sai baƙar leda. A auna kowanne, a rubuta nauyi da kwanan wata. Wannan rubutun shi ne jarinka. Jami'i yana iya share ƙorafi, amma lissafin wata shida da hotuna yana da wuyar turewa. Goruna suna da masu saye wajen 'yan gwangwan, baƙar leda kuwa da wuya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne tara shara a bakin kwata ba tare da an shirya motar kwashewa a ranar ba. Ruwan farko zai mayar da ita, ta gangara kogin Kubanni. Kada kuma a cinna mata wuta, hayaƙin guba ne ga huhu.

Ana cin abinci da wannan aikin?

Ana ci, ba a yin arziki. Akwai aikin albashi a NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli wadda aka kafa a 2007, da KEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna. Ƙungiya kuwa sai ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta buɗe asusun banki da sunanta, kafin masu tallafi su saurare ta. Tallafi yana ƙarewa, don haka wasu ke haɗawa da cinikin roba ko haɗa sola.

Ta yaya zan yi maganar fetur ban ɓata wa mutane rai ba?

Kada ka ce wa ɗan acaba ya ajiye babur. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lissafin aljihu ya fi shiga kunne. Zauna da mai noman rani a bakin kogin Galma, ku lissafa kuɗin man injin ban ruwa na kaka ɗaya, ku gwada da farashin famfon sola. Gwamnati kuma ka riƙe ta da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, da alƙawarin da Najeriya ta ɗauka a taron sauyin yanayi na duniya a birnin Glasgow, na cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake cirewa daga iska ba.